Kaset ɗin da na goge wa Malam

A wannan watan da muke ciki maigidana Malam ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ku yi mini haƙuri, ba zan rubuta sunansa ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare ban taɓa kama sunan nan a bakina ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Tsofaffin mutanenmu na unguwar Woolwich a nan Landan sun san wanda nake nufi, dogon nan mai hula ƙube ko ana zuba ƙanƙara, wanda ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, kullum yana sahun gaba ranar Juma'a.

Abin da ba su sani ba shi ne Malam ya iya kalangu. Iyawa kuwa ba ta wasa ba. Ɗan malamai ne daga birnin Zariya, amma bayan gidansu unguwar mahauta ce, can yake sulalewa yana yaro har hannunsa ya faɗa. Mahaifinsa ya taɓa kama shi sau ɗaya, kuma daga dukan ranar bai sake bari wani na gida ya gan shi da ganga ba. Ɗan gidan malamai da kiɗa, ai abin kunya ne har jikoki. Da ya taho Landan karatu sai ya naɗe kalangun a cikin tsohuwar riga ya tura ƙasan akwati. Ni ma sai da na tare, ina gyaran ɗan ɗakinmu na Camberwell, na ci karo da shi.

A lokacin yana ɗan aikin shara da dafa shayi a wani gidan ɗaukar waƙa, don kuɗin makaranta ba ya isa. Wasu samarin Turawa masu gashi har kafaɗa suna haɗa faifai a wurin, irin kiɗan nan mai ƙarar jita da suke kira rock. Wata rana mai buga musu ganguna ya tarar da Malam yana ƙwanƙwasa gindin bokiti da yatsu, ya tsaya yana saurare, ya dame shi da tambaya har ya faɗa masa abin da ke ƙasan akwati. Suka roƙe shi ya kawo. Waƙa ɗaya ya buga musu, abin bai kai minti biyu ba, kuma shi da kansa ya ce kada a sa sunansa a jikin faifan. A cikin makon ne kuwa aka yi sunan 'yarmu ta fari.

Ranar da ya kawo faifan gida ya kunna shi ƙasa-ƙasa, jaririya tana barci a bayana. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma kunnena ba ya kuskure, kuma na tashi a garin da kalangu ke magana kowa ya ji. Ana tsakiyar hayaniyar jitar nan sai na ji kalangu ya shigo, ya kira sunan yarinyar da ke bayana, sau uku, har da ɗan kirarinta. Na kalle shi. Shi kuma ya ɗaga kai yana kallon silin kamar yau ya fara ganinsa.

Masu karatu na gida kun san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yabonsa. Mu biyu haka muka riƙe ta, har yau Yaya nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke faɗa. Amma akwai abin da ban gane ba sai da na tsufa. A gida, idan uba ya kau da kai, kaka tana nan da cinyarta, gwaggo tana nan, kawu yana nan da alewa a aljihu. Yaro ba ya ma lura. Mu kuwa mun ɗauko kunyar mun kawo Landan, mun baro kakannin a Zariya. Yaya ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta, nata uban kuwa sai dai "ke" da "yarinyar nan". Ranar da ta gama karatun jinya ya sa babbar rigarsa ya je, ya tsaya can baya, da aka fito ya ce mata, "To, madalla." Ƙanenta Nasiru kuwa sunansa ba ya barin bakinsa.

Faifan nan ya yi suna fiye da yadda kowa ya zata. A kanti, a tasi, a ɗakin jiran likita, sai ka ji shi. Idan aka zo wurin kalangun Malam sai ya ƙara sauri. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu talabijin suka shirya fim a kan yadda aka yi faifan, suka bi sawun duk wanda ya sa hannu, har suka gano shi. Sau biyu yana ƙi. Na uku ya yarda, da sharaɗin ba za su zo gida ba. Aka nuna shirin wata Lahadi da la'asar, yara duk ba sa nan, ya ɗauka a kaset ɗin bidiyo, muka kalla mu biyu. Ya ajiye kaset ɗin a bayan littattafansa.

Ga laifina nan. Ba a yi wata guda ba yayansa, limami ne a gida, ya zo ganin likita ya sauka a wurinmu. Mutum ne mai son bincike, duk abin da ya gani sai ya ɗaga ya duba. Tsoro ya kama ni kada ya zura kaset ɗin ya ga ƙaninsa rataye da ganga, labari ya riga shi isa Zariya. Maimakon in ɓoye shi a cikin tukwanena, inda limamin ba zai taɓa leƙawa ba, sai na sa shi a na'ura na danna ɗauka a kan abin da ake nunawa. Wani tsoho ne yana koyar da shuka dankali.

Bayan baƙo ya tafi Malam ya ɗauko kaset ɗinsa ya kunna. Ina kicin ina leƙe. Ya zauna ya kalli tsohon nan tun daga haƙa rami har tono. Da aka gama ya ce, "Dankalin nan ya yi kyau." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Kowace shekara muna ɗan yin sadaka da addu'a a flat ɗinmu na council, irin gidajen hayar nan na hukuma, a dafa shinkafa, malamai biyu su zo. Yaya takan aiko da kaji, amma ita ba ta zuwa, kullum tana duty. Na ba ta labarin kalangun bayan rasuwarsa, na kunna mata faifan. Ta saurara da ladabi, ta ce da Turanci, don ita da Turanci take amsa mini tun tana ƙarama, "Umma, ganga ce kawai. Kina gyara masa ne don ya mutu." Bara da ya cika shekara goma na matsa mata a waya, sai ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce ba za ta iya zama tana kukan mutumin da bai taɓa kiran sunanta ba. Na ajiye wayar. Na haura saba'in. Idan na tafi, babu sauran mai kunnen da zai shaida masa, kuma shaidar da ya bari da bakinsa ni na goge ta.

Nasiru ya fara dubawa a intanet. Guntaye ya samu, duk na mai jita da mawaƙin, babu wanda ya damu ya yanko wurin baƙin mutum mai ganga. Ya rubuta wa gidan talabijin ɗin, suka amsa cikin mutunci cewa shirin ba ya cikin waɗanda suke iya bayarwa. Ya ce, "Umma, a haƙura." Na ce to, amma ban haƙura ba.

A kasuwar Woolwich akwai wani tsohon Bature mai sayar da tsofaffin fayafayai, Dennis, kusa da inda nake sayen tattasai. Shekaru ina wuce shi ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Ranar nan na sa faifan Malam a jakar cefane na tsaya a gabansa, da guntun Turancina na ce mijina ne mai gangar cikin waƙa ta huɗu. Ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya fara kwaikwayon kiɗan da baki, ya kuwa ɓata shi. Na ce a'a, ba haka ba ne, na buga masa daidai a kan teburinsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara arba'in yana yin sa ba daidai ba. Ashe suna da ƙungiya ta tsofaffin masoya faifan, masu ajiye duk wani tarkace. Na ba shi labarin shirin talabijin ɗin, ya ce zai sa cigiya ko akwai wanda ya ɗauka a kaset.

Wata huɗu shiru. Duk Asabar in na wuce sai ya girgiza kai tun daga nesa. Sannan wata mata mai suna Joyce ta kira daga wani gari na bakin teku. Mijinta ya rasu, ya bar mata gareji cike da kaset, duk abin da aka nuna na kiɗa sai ya ɗauka ya rubuta a jiki. Har ta kira masu kwasar shara, sai ta ga cigiyar. Ni da ba na wuce kasuwa da masallaci, Nasiru ya yi mini booking, na hau jirgin ƙasa ni kaɗai da ƙullin dambun nama. Muka wuni a garejin nan mu biyu, tana karanta rubutun mijinta ina jera waɗanda muka duba. Wani lokaci sai ta tsaya a kan wani kaset ta shafa rubutun da yatsa, ni kuma in ba ta lokaci. A kwali na tara muka same shi. Muka sha shayi, ta ɗanɗana dambun, yaji ya sa ta tari har da hawaye, ta ce in bar mata sauran.

Kaset ɗin ya yi funfuna. Na kai shi wani shago a Old Kent Road inda suke mayar da tsofaffin bidiyon biki zuwa na zamani. Mai shagon, mutumin zangon Kumasi, ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan kaset ya tsufa kamar ni, amma za mu lallaba shi." Ya lallaba shi kuwa.

Ina jiran aikin nan na yi ta tunanin me Malam zai ce da zamanin yau. Kiɗan gida ya cika Landan, yaran da aka haifa a nan suna taƙama da shi a cikin jirgin Elizabeth line, ba mai ɓoye ganga a ƙasan akwati. Nasiru yana goya 'yarsa ta fari a ƙirji yana zaga kasuwa da ita, yana kiran sunanta kamar talla. Na san Malam zai ce "ikon Allah" ya kau da kai. Amma ina jin a ransa zai ɗan yi musu kishi.

Ban gaya wa Yaya gaskiya ba. Cewa na yi kaina yana juyawa, ta zo ta gwada mini jini. Ta iso da rana da kayan aikinta a jiki. Tana naɗa mini abin awon a hannu na danna bidiyon ya kunna. Sai ga Malam. Gashinsa bai gama fari ba, ya sa kwat ɗin nan mai ruwan toka, kalangu a hammata, yana zaune a bakin kujera kamar wanda ya zo neman aiki. Mai tambayar ta ce me yake tunani lokacin da ya buga. Ya ce a makon aka sa wa 'yarsa ta fari suna. Ya ce a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, saboda nauyinsa a zuciya ya fi ƙarfin baki. Ya ce ranar nan ya ji in bai kira ta ba ƙirjinsa zai fashe, shi ne ya sa gangar ta kira. Matar ta ce, to mene ne sunan? Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya gyara kalangun ya buga.

Abin awon ya saki iska shi kaɗai, ba wanda ya duba lambar. Yaya ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce in ƙara. A karo na huɗu ta miƙo mini tafin hannunta ta ce, "Nuna mini inda yake." Na riƙe hannun, ina bin gangar da yatsa gaɓa-gaɓa, har ta fara gyaɗa kai a daidai wurin. Ta share ido da bayan ɗaya hannun ta ce, "Ke ma ba za ki faɗa ba, ko?" Na ce ba zan faɗa ba. Ta yi dariya tana kuka.

Ba zan ce fim ɗin minti biyar ya biya ta shekarun da ta yi tana jira ba. Har yanzu tana cewa da ya faɗa da bakinsa ko sau ɗaya ne, kuma na daina musu da ita, don tana da gaskiya. Mun riƙe al'ada da hannu biyu a inda ba ta da masu tallafa mata, yarinya ta ɗauki nauyin ita kaɗai. Idan na auna abin da Malam ya bari, gidan waya sun manta da shi, rigunansa an rabar, sahun gaban wasu ne a ciki yanzu. Abin da ya rage shi ne abin da ya fi ɓoyewa. Duk inda aka kunna faifan nan a duniya, yana kiran 'yarsa sau uku, mutane suna kaɗa kai ba su sani ba.

Bana Yaya ta ɗauki hutu ta zo, ita ta dafa shinkafar. Bayan malamai sun tafi ta ce in raka ta maƙabarta. A gida mata ba sa zuwa, a nan muna zuwa. Muka yi masa addu'a, na ja baya na ba ta wuri. Ta daɗe a tsaye, hannu a aljihun kwat. Sannan ta ɗan rusuna yadda na koya mata tana ƙarama, na ji ta ce da Hausa, "Na'am, Baba."