Injin Fatsar da Na Aika wa Yaya Sule

A gidanmu na Yawuri, wutar bandar kifi ce wutar hira. Bayan sallar isha'i sai mu zagaye kakarmu, Inna Delu, tana juya tarwaɗa, hayaƙi na sa mu hawaye. Yaya Sule, wanda nake bi wa, kan zauna shiru yana ɗaura ƙugiyoyi. Ni kuwa bakina ba ya hutawa.

"Kai angon nan nawa mai kunnen ƙashi, rufe mana baki," in ji ta. "Ga ta nan tafe, in ta wuce ba ta dawowa."

Wai Gishiri ne ya zo fatauci ya sauka gidan Ƙugiya. Baƙo fari tas, ga ladabi, ko musu bai taɓa yi da ita ba. Kullum da safe sai ya rungume ta su gaisa. Ranar da giwan ruwa ya haɗiye ta, ta yunƙura za ta riƙe shi, sai ta karye ɓalas. Ashe tuni baƙon ya cinye cikinta.

"Ba duk mai cin ka ke da haƙori ba," in ji Inna. Na ce ƙarya ne, gishiri ai a miya yake. Ta kai mini dundu.

Na girma na zama ɗan kasuwa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina tura takalma gida. Kifi ya yi ƙaranci a Kogin Kwara, Yaya Sule ya kwashi iyalinsa ya koma bakin teku a Kwatano. Bai taɓa roƙona komai ba sai sau ɗaya.

"Ƙanena, in da hali, samo mini injin nan mai naɗe zaren fatsa. In ina da nawa, daga gaɓa zan riƙa jefawa, ba sai na shiga jirgin kowa ba. Tekun nan tsoro take ba ni."

Mai kanti ya ajiye mini guda biyu. Na teku nauyi gare shi, a toshe yake ruf don kada ruwa ya shiga. Na kogi kuwa shafal, yana juyawa sumul. Ya nuna mai nauyin, ya yi ta maimaita kalmar gishiri a wayarsa da ke yi mana tafinta. Na ce, "Lawban, maigida, mu jikokin masunta ne, ruwa ai ruwa ne." Na tuna kafaɗar Yaya mai ciwo, na ɗauki mara nauyin, na kai filin jirgin saman Baiyun aka sa a jirgi. Har ina jin na yi abin kai.

Ko wata huɗu injin bai yi ba ya cije, gishirin teku ya ci shi. Yaya bai faɗa mini ba, don kada in ji kunya. Ya shiga jirgin wasu masunta suka nausa cikin teku, shi da bai san halinta ba. Har yau ba a ga jirgin ba.

Matarsa ce ta ce mini injin na nan naɗe a ƙyalle, bayansa na ƙyalli, hannun ba ya motsi. Wai kafin ya ɓace, duk baƙon da ya zo sai Yaya ya nuna masa, ya ce daga Sin ƙanensa ya aiko.

An faɗa mini tun ina yaro, an sake faɗa mini da gemuna, duka biyun na yi gardama. Baƙin cikin nan ba ya raguwa, kuma na daina sa ran zai ragu. Na koma kantin na sayi mai nauyin. Yana ɗakina a unguwar Panyu cikin kwalinsa, ba ni da wanda zan aika wa.