Kwalaben Irin Clorinda Millapan

Ranar Laraba, 4 ga Satumba, 2024, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Clorinda Millapan tana da shekara tamanin da ɗaya. 'Yarta Ninfa ce ta same ta da hantsi a bakin kunyar tafarnuwa, fartanya a gefenta. Ni Evaristo Lagos, shekara talatin da bakwai ina riƙe da ita a zuciya, kuma ba zan ɓoye wannan don ta rasu ba.

Clorinda, kin san ranar da nake nufi. A 1987 na dawo garin nan da takardar shaidar injiniyan gona, ofishin gona ya ɗora mini buhunan sabon irin wake in raba. Na tara ku manoman garin a zauren coci na ce ku zubar da tsofaffin irinku. Kika miƙe kika ce, "Injiniya, shi wannan waken naka, ya taɓa kwana a waje a garin nan?" Mata suka yi ta dariya. A watan Oktoba ƙanƙarar asuba ta sauka ta ƙone duk abin da na raba, naki ya tsaya kore. Manyan da suka sa hannu a takarda aka ƙara musu girma, ni aka sallame ni. Na koma gidan mahaifiyata, shinge ɗaya tsakanina da ke. Manyan nan ban ƙara ganinsu ba, ke kuwa kullum ina ganinki, sai na ɗora miki laifin duka.

Duk da haka shaida zan bayar, kuma na san abin da nake faɗa. Na zauna a gaban furofesoshi shekara biyar, babu ko ɗaya a cikinsu da ya san ƙarshen sanyi kamar ke. A nan wajenmu sai Satumba sanyi ke fara janyewa a shiga shuka, amma ke tun Agusta kin datse rassan inabi, kin juya takin tumaki da ya kwana wata shida, kin yafa tumatir da barkono a tsofaffin akwatuna a bakin tagar kicin. Kina zagaye latas da toka saboda dodon koɗi. Kafin ki shuka komai sai kin tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, in sanyinta ya cije ki sai ki ce a ƙara mata mako guda. Rabin lambunan unguwar nan daga akwatunanki suka fito. Matar da ta zo da 'ya'ya babu miji, kin ba ta dashe da irin dankali, kin tsaya a kanta har ta iya. Shekarar da matata ta rasu na bar lambuna ya zama jeji, na wayi gari na tarar da dashen tumatir goma sha biyu a kan shinge, da gurasar da aka gasa cikin toka a naɗe cikin tsumma. Na ci gurasar, na dasa tumatirin, ban ce na gode ba. Haka kika yi kowane Satumba har shekara goma sha huɗu.

Abu ɗaya kika taɓa roƙona. Ba ki yi makaranta ba, don haka irinki yana cikin kwalabe, kowace da zaren ulu a wuya: launi daban, ƙulli daban. Ke kaɗai kika san abin da suke nufi, wane wake ne na kakarki, wane kika samo wajen matan bakin teku, wane ke jure ƙanƙara, wane sai Nuwamba. Kika ce in zo da alƙalami ki faɗa in rubuta. Ba na manta daɗin da na ji a ranar, don ga ki kina neman karatun nan da kika sa aka yi wa dariya. Na ce sai baɗi. Na maimaita wannan amsa sau tara.

A watan jiya kika leƙo ta shinge ina fama da ciyawa.

"Injiniya, tawadar ce ta bushe ko hannun?"

"Maƙwabciya, ai waken naki ya iya kwana a waje. Ya ƙara kwana."

"Shi zai iya. Ni ce dai ban sani ba. Ka zo, akwai shayi, ba zan tambaye ka komai a gaban mutane ba."

Na ce bayan bikin ƙasa na sha takwas ga Satumba. Kika ce to, kika koma kan akwatunanki.

A wajen jana'iza wani jami'i ya zo da fure ya kira ki taskar al'umma. Irinsu na sani, bai san ƙofar lambunki ba. Amma ba ni da bakin zaginsa, domin ni na san ƙofar, taku ashirin ce daga tawa.

Bayan kwana uku Ninfa ta kira ni kicin. Ta jera kwalaben a kan tebur ta ce, "Baba Evaristo, kai ne mai ilimin. Ƙasa ta yi ɗumi, mata suna ta zuwa tambaya. Wanne za mu fara bayarwa?" Na zo da littafi da alƙalamin a ranar. Na raba wake da masara da kabewa, abin da kowane makaho zai iya da hannu. Jan zare mai ƙulli biyu da jan zare mai ƙulli uku kuwa, wake ne iri ɗaya a ido, kuma ɗaya daga cikinsu zai mutu in aka shuka shi yanzu. Na gaya mata gaskiya, ban sani ba.

Allah ya jiƙan ki, Clorinda, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa a wurin da babu sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ninfa da ɗan'uwanta Baldomero da jikoki, da matan unguwa da za su shuka bana babu mai ce musu su dakata. Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku yafe mini.

Kwalabe sittin da uku ta bari. Da taimakon tsofaffin ƙawayenta mun gane goma sha tara. Sauran arba'in da huɗu babu mai rai da ya san sunansu, ko daga ina suka zo, ko ranar da ake shuka su.