Inna Tela da Fim ɗin da Ke Shan Ruwa

Inna Tela ta doshi sittin, kuma fiye da rabin shekarun nan a kan keken ɗinki ta yi su, a ɗan shagon da ke jikin gidansu, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Tun tana yarinya ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Ta taɓa kwance agogon bangon mijinta don ta ga abin da ke ƙara a ciki. Agogo bai sake motsi ba, amma dai ta gani.

Rigunan 'yan makaranta take ɗinkawa, a kai wani wuri a buga musu tambari a ƙirji. Ran nan ta shafa tambarin da yatsa ta ce, "Wai ta yaya fentin nan ke sanin inda zai tsaya?" Da ba ta sami amsa ba, ta bi rigunan har wurin masu bugun. Can ta ga firam na katako da aka ɗaure wa raga mai laushi, an toshe ko'ina ban da siffar rubutun. A zuba fenti, a ja da roba, ya bi ta inda aka bar masa hanya.

Ta dawo da firam da gwangwanin koren ruwa mai kauri da ake toshe ragar da shi. Nan fa ake yin ta. Ta shafa, gefe ya yi tudu, gefe ya yi kwari. Ta sake, ya tsiyaye mata a zane. Hannun da ke sa zare a allura ba tabarau ya kasa shafa abu daidai.

Ƙanen mijinta, Mai Hoto, wanda wayoyi suka kashe wa kasuwa, ya leƙo ya tarar da ita kore shar har gwiwar hannu.

"Matar yaya, ganye za ki koma?"

"Kai dai marar aikin yi. In ka san wani abu, faɗi."

Da ya sake zuwa, sai ga shi da wani abu a nannaɗe cikin baƙar takarda, kamar leda mai ɗan tauri. Ya ce fim ne, koren ruwan nan ne dai, amma an riga an shafa shi sumul a jikin ledar tun daga kamfani. Suka shiga tsohon ɗakinsa na wankin hoto, inda haske ba ya shiga. Ta wanke ragar da sabulu, ta bar ta jiƙe, ta ɗora fim ɗin. Sai ta ga ya lafe da kansa, duhun laima na bin sa daga sama har ƙasa.

"Tsaya! Wa ya ja shi?"

"Ruwa."

"Ruwa yana da hannu ne?"

Mai Hoto ya ce shi dai haka ya gani ana yi. Inna ba ta yarda ba. Ta yanko ƙyalle, ta tsoma bakinsa a kofin ruwa, ta zuba masa ido har ruwa ya hau sama. Ta tafa hannu. "Ashe lagwani ne! Yadda yake jan kananzir, haka jiƙaƙƙiyar ragar ke jan fim ɗin."

Da ya bushe ta ɓare ledar, ta ɗora rubutun da ta zana da baƙin tawada a jikin wata leda garai-garai, ta danne da gilashi, ta kai rana, sannan ta watsa wa ragar ruwa. Inda haske ya taɓa ya ƙanƙare, inda baƙin rubutu ya kare kuwa ruwa ya wanke shi tas. Ta ɗauko tsohuwar singiletin maigida ta ja fenti. Rubutu ya fito raɗau, sai dai a juye, kamar a madubi, don ta kifa zanen ta baya.

Maigida ya sa abarsa ya zauna ƙofar gida. Duk wanda ya zo wucewa sai ya karkata kai yana harhaɗa baƙi.

"Ku je ku zo da madubi," in ji shi. "Karatun manya ne."

Bugu na biyu ya fito daidai. Yanzu ita ke buga tambarin rigunanta, har teloli maƙwabta na kawo nasu, ɗakin Mai Hoto kuma ya sake samun masu shiga. Gwangwanin koren ruwan yana nan ƙarƙashin keke. Ta ce ba ta sallame shi ba, sai ta gano dalilin da ya sa yake yi mata tudu.