Mushe Rayyanu, Malamin da Ya Nuna Mana Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, Allah ya karɓi ranka a Tessaoua bayan gajeriyar jinya, Mushe Rayyanu, kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci. Ni ce Sa'a, ɗalibarka a kolejin Tchaké, inda ka koya mana ilimin ƙasa da duwatsu.

Kai ka kai mu busasshen kwarin Gulbin Kaba, ka tono tsakuwa masu santsi ka ce ruwa ne ya goge su tun kafin kakanninmu, kuma sauransa yana kwance ƙarƙashin ƙafafunmu. Dariya muka yi.

Shekarar da rijiyar makiyaya ta ƙafe a garinmu, kusa da Issawane, Ardo Hamza ya koro shanunsa zuwa rijiyar gari. Manoma suka tare hanya da sanduna. Mai gari ya aika aka kira ka, ka nemo inda za a haƙa sabuwar rijiya. Ka zagaya, ka duba ƙasa, sai ka nuna tsakiyar gonar Alhaji Sidi, surukinka.

"Rayyanu, gonata za ka ba shanu?"

"Baba, nan ruwan yake. Da yana tawa gonar, can zan nuna."

Ya yarda, amma ya daina amsa gaisuwarka. Aka yi ta haƙa, yashi busasshe ke fitowa. Maginan rijiya suka ce su sun gaji. Shanu sun fara faɗuwa, samarin ɓangarorin biyu na tsaye bakin ramin, kowa da gora a hannu. Ka tuɓe riga ka ce a ɗaura maka igiya, ka sauka cikin ramin. Muna kallo gefen ramin ya zubo a kanka, muka ji shiru. Inna Marwa, matarka, ta durƙushe. Ardo da Alhaji suka kama igiyar tare. Da aka jawo ka, goshinka na jini, tafin hannunka kawai ka buɗe: laka ce jiƙaƙƙiya.

Har yau gari da ruga a nan suke sha. Jiya na ga Alhaji Sidi, da tsufansa, ya ƙi barin kowa ya riga shi kama makararka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Marwa da ƴaƴanku, Ihsan da Abdussalamu. Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.