Afiniki Mai Buhun Fulawa

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, da wuya ka shiga wani gida a unguwarmu ta Kafanchan ka fita ba ka ga aikin hannun Afiniki ba. Ko rigar filo, ko zanen gado, ko labulen ƙofa, ko shimin jariri, kuma duk daga buhun fulawa. A lokacin buhunan na yadi ne mai kauri. Akwai wani Ibo da ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe gidan burodinsa kusa da tashar jirgi, shi ke tara mata su. Kowace Jumma'a za ka gan ta ta ɗauko ƙunshin a ka, gari ya zubo mata har gira.

Ni sunana Martha, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata. Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, kuma da hannuna a ciki.

Matar nan ba ta iya ganin abu a bola ta wuce. Gwangwanin madara a wurinta mazubin gishiri ne. Marfin kwalba ta huda, ta jera a waya, ya zama abin kaɗawa na Zumuntar Mata a coci. Ƙyallayen da teloli ke sharewa ta haɗa su ta yi bargo. Kuma ba sayarwa take yi ba, abin da ke ba ni haushi da ita ke nan. In an yi haihuwa ko aure sai ta naɗe abu a tsohuwar jarida ta kai, ta ajiye, ta zame kafin a gama godiya. Mukan tsokane ta mu ce ranar da muka tsufa mu ma kada a bar mu kusa da ita, za ta farke mu ta yi labule.

Wahalar aikin tana wajen fitar da rubutun da ke jikin buhu. Sai ta shafa masa kananzir ya kwana, ta dafa shi da ruwan toka da sabulun soda, ta matsa lemon tsami, ta shanya a kan ciyawa kwana uku. Baƙin rubutu yakan fita tas. Amma buhunan suna da hoton wani jan zakara a tsakiya, shi kam taurin kai gare shi, ba ya tafiya duka. Idan yadin ya bushe ba ka ganin komai, idan ya jiƙe sai inuwarsa ta taso. Dabararta ita ce ta juya gefen hoton ciki, ta dama sitacin rogo mai kauri ta tsoma, ta bi da dutsen guga na gawayi. Sai ka rantse daga kanti aka yanko.

Mijinta Zamani lebura ne na gyaran layin dogo. Ƙato ne, ba ya yawan magana, kuma ba mugu ba ne, a gaya wa Allah gaskiya. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, raini. Ko yara ne suka yi dariya a bayansa sai ya juyo ya ga ko da shi ake. Coci kuwa ba ya zuwa. Ranar Lahadi ita ta nufi sujada, shi ya nufi inda ake zuba burkutu. A cocinmu maza a dama suke zama, mata a hagu. Shekara goma sha tara Afiniki tana zaune a bencin gaba tana satar kallon ɓangaren maza. Ba ta taɓa roƙon Allah mota ko gidan kwano ba, burinta ɗaya ne, ta ga mijinta zaune a can.

A 1976 wani abokin aikinsa ya faɗi ya mutu a gabansa suna cikin aiki. Zamani ya yi mako biyu ba ya cin abincin kirki. Daga nan, ba wanda ya ce masa uffan, ya je ya shiga ajin baftisma, ya zauna cikin sa'o'in ɗansa Dogara yana haddace ayoyi. Ta katanga na ji sharaɗin da ya kafa wa matarsa.

"Maman Dogara, zan shiga ruwan nan. Amma idan aka mai da ni abin dariya, ƙafata ba za ta sake taka cocinku ba."

Masu baftisma da farar riga suke shiga ruwa. Na ce mata, don Allah wannan karon ki je kasuwa ki yanko sabon yadi, in ma nauyi ne mu a Zumunta za mu ɗauka. Ta ce a'a. Ta ce ta yi wa 'ya'yan mutane shimi, ta yi wa amaren mutane zanen gado, ranar da ta jira shekara goma sha tara ce za ta bar mijinta ya shiga ruwa da abin da hannun wani ya yi? Na tuna mata zancen zakara. Ta ce ai tsomawa ɗaya ce, a shiga a fito, sitaci zai riƙe. Ta zaɓi buhu huɗu mafi kyau, ta yi wata guda tana wanki da shanya har fatar yatsunta ta tsage. Shi bai san daga me aka yi rigar ba. Da ya gwada ta, ya tsaya ya daɗe yana shafa gabanta, ya ce ashe haka manya ke ji.

Ranar ta zo bayan Ista, rafin da ke bayan gari ya fara kawo ruwa. Jama'a sun cika bakin rafi, mu 'yan Zumunta mun jeru da ankonmu muna waƙa. A wurinmu ba a cewa an yi wa mutum baftisma sai ruwa ya rufe shi duka, ko gashi ɗaya kada ya rage a waje, kuma dattawan ikilisiya suna tsaye suna lura. To Fasto Silvanus ɗan ƙaramin mutum ne, Zamani kuwa ya yi biyunsa, ga shi ɗan kan dutse ne, bai saba da ruwa mai zurfi ba. Fasto ya kwantar da shi, ya sandare, goshinsa bai nitse ba. Dattawa suka girgiza kai. Aka sake, gwiwoyinsa suka taso sama. Aka tsaya ana lallashinsa yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, muna ta maimaita baiti ɗaya. Sai a na uku, da taimakon wani dattijo, ruwa ya rufe shi. Duk wannan lokacin rafi yana tafiya da sitacin Afiniki.

Ya taso, muka ɗauki guɗa. Ya juya zai gode wa Fasto, ya ba mu baya. Rigar ta manne masa a jiki, rana tana tsaka, ga jan zakara nan a gadon bayansa daga kafaɗa zuwa ƙugu, da tukkunsa da komai, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Ni ce na fara dariya. Na daɗe ina cewa ban san wadda ta fara ba, ƙarya nake yi. Ta kuɓuce mini ne ta hanci, na toshe baki, amma aikin gama ya gama. Ta kusa da ni ta kama, waƙa ta watse, wani ɗan iska daga can baya ya yi cara. Har dattawa sai da suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Zamani ya juyo yana murmushi, yana neman abin da ake wa dariya ya taya mu. Sai ya ga kowa shi yake kallo. Wannan fuskar, har gobe ba na son tuna ta.

Afiniki ta fito daga cikinmu. Ta kwance zanen ankonta na sama, ta faɗa ruwa da takalmanta, ta yafa masa a baya. Haka suka ratsa ta tsakiyarmu suka tafi gida.

Lahadin da ta biyo bai zo ba. Ta bayanta ma haka. A tasha leburori suka laƙa masa Zakara. Fasto ya je, dattawa suka je, ya karɓe su da mutunci, ya ce ya riga ya yi magana. Afiniki ta daina zuwa gidan burodi. Ta rame. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya shiga gidan. Na same su a tsakar gida, na durƙusa, na ce Baban Dogara ni ce na fara, ka yafe mini, kada ka hukunta matarka da laifina. Sai ya ce:

"Tashi, Martha. Ni ma da a bayan wani na gani, zan yi dariya. Na ga hannunta, na san abin da rigar nan ta ci. Amma na ce ba zan shiga ba, kuma ba zan shiga ba."

Afiniki ta ce, a hankali, ai ba ta ce ya shiga ba. Ta ce a gefen coci akwai bishiyar mangwaro, kuma Fasto ba ya rufe taga.

Ran Lahadi, ana cikin waƙar farko, sai muka hango shi da 'yar kujerarsa ta katako, ya zauna a gindin mangwaron, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ana addu'ar ƙarshe ya ɗauki kujerarsa ya tafi kafin kowa ya fito. Haka ya riƙa yi, rani da damina. A ranar Jumma'a kuwa shi da kansa ya koma ɗauko mata buhunan a bayan kekensa.

Bai taɓa zama a ɓangaren maza ba. Abin da ta roƙa shekara goma sha tara ba ta samu ba, kuma na san rabona a cikin wannan. Afiniki ta bar bencin gaba, ta koma can baya kusa da taga, inda ba a jin wa'azi sosai amma ana ganin gindin mangwaro. Zamani ya rasu a ƙarshen 1979. Bayan an gama zaman makoki muka ce ta dawo gaba cikinmu, wurinta yana nan. Ta ce mu bar ta, ta saba da tagar.