Kwalabe Uku a Jakata Zuwa Idi-Araba

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, mu huɗu a Fijo mai dogon baya: ni, direba, yayata, da ƙanwar mijinta da za ta yi jinya. Mun kwantar da kujerun baya muka shimfiɗa wa Yaya katifa, domin sankarar mama da aka yi mata aiki bara ta sauka ƙashin ƙugunta, zama ya gagare ta. Likitoci suka rubuta mana takarda zuwa Legas a yi mata gashi, wato a haska wurin da na'ura don zafin ya ragu.

A jakata akwai kwalabe uku na ƙwayoyin ƙarin lafiya. Kantin magani gare ni a bakin kasuwa, kuma wata biyu ke nan ina ba ta kalsiyam da bitamin safe da yamma. Tunanina, tunda ƙashi ke ciwo, a ba ƙashi abincinsa. Ban tambayi kowa ba.

Tun da soja suka koma bariki shingayen hanya sun ɗan ragu, amma direba ya ce ramukan Birnin Gwari ba su ji labarin an yi zaɓe ba. Duk ramin da muka faɗa, sai Yaya ta cije gefen mayafi. A Mokwa muka ci gasasshiyar doya da manja, a Jebba mata suka yanyame motar da soyayyen kifi. Yaya ko kallo. Ruwa kawai take nema, ta kusa shanye jarka ita kaɗai, muna ta tsayawa tana kewayawa. Na ce zafin hanya ne, na ƙara mata ƙwaya ɗaya don ta yi ƙarfi.

Mun kwana Ilori, washegari da azahar muka shiga Legas. Wani ɗan garinmu mai sayar da goro ya sauke mu a Idi-Araba, ɗaki ɗaya a gidan haya, daga nan zuwa babban asibiti tafiyar ƙafa ce. Unguwar kamar gida take, ga masallaci ga mai tsire, sai dai matar gidan kan fara magana da Hausa ta ƙarasa da Yarbanci, yaran motocin haya na danfo kuma suna kiran unguwanni kamar masu faɗa. Matar gidan ta kawo mana amala, baƙin tuwon garin doya, ƙanwar mijin Yaya ta daɗe tana kallonsa kafin ta yi bisimilla.

A asibiti aka ɗebi jini. Yaya ta fara ruɗewa, har ta kira ni Baba, alhali mahaifinmu ya shekara goma da rasuwa. Likitar, wata Bayarabiya, ta ce kalsiyam ya yi yawa a jininta, shi ya kawo ƙishirwa da ruɗewar. Wata nas 'yar Kafancan ce ke fassara mana. Ta ce ƙashin da sankara ta kama da ma zubar da kalsiyam yake cikin jini, kuma ba za a fara gashi ba sai ya sauka.

"Ban da maganin asibiti, tana shan wani abu?" in ji likitar.

Na ce, "Babu."

Aka kwantar da Yaya aka sa mata ruwa. Na ɗauka idan na daina bayarwa shi ke nan, magana ta mutu. Na manta kwalba ɗaya tana hannun ƙanwar mijin Yaya, ita kuwa ba ta cikin ɗakin lokacin da aka yi bayani. A rana ta biyu nas ta same ta tana shirin ba Yaya ƙwayar safe, kamar yadda na koya mata.

Na shigo da fulas ɗin koko na tarar da kwalbar a hannun likita. Hankalin Yaya ya fara dawowa. Ta dube ni, ta dubi likitar.

"Ni na aika aka sayo mini," in ji ta. "Ƙanena bai sani ba."

A jikin kwalbar akwai tambarin kantina. Nas ta karanta, ta ɗago ta kalle ni, ba ta fassara maganar Yaya ba. Jira take. Na ajiye fulas, na zaro sauran biyun daga jaka na ɗora a kan gado, na ce ni ne, wata biyu, kuma jiya ƙarya na yi.

Na fi son a zage ni, amma likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta juya kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta ce akwai maganin ƙarin lafiya da su da kansu kan ba wanda ake wa gashi idan jini ya nuna bukata, akwai kuma wanda ke cutarwa, shi ya sa suke tambaya. A baranda nas ta ce mini, "Malam, ƙauna ce ta sa ka saya, na sani. Ƙaryar ce ta kusa kai ta ƙasa."

Bayan kwana huɗu aka fara gashin. An zana mata alama a ƙugu, ta shiga ɗakin ita kaɗai, mintuna kaɗan ta fito, haka har sau biyar. Likitar ta gaya mana gaskiya cewa ba warkewa ba ce, sauƙi ne. Sauƙin kuwa ya zo a hankali. A mako na biyu Yaya ta yi sallah a zaune.

Mun iso gida ranar Alhamis da la'asar. Maƙwabta suka cika zaure suna sa mini albarka, wai samun ƙane irina sai an tona. Tafiyar ta koya mini cewa sanin sunan magani daban, sanin jikin mai shan sa daban, kuma jin kunyar minti ɗaya a gaban likita ya fi abin da na jawo sauƙi nesa ba kusa ba. Da mutane suka watse na ja mijin Yaya gefe na gaya masa komai. Ya ce, "Su nawa ka sayar wa irin wannan a garin nan?"

Na fara ƙirga fuskoki a raina, na kasa ɗaga kai.