Ganyen da Kaka Ta Ce Rama Ce

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon ka sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ina aji biyu na babbar sakandare a Birnin Gwari. Yarinya ce ni marar magana, wadda ko na san amsa a aji sai in bar wata ta ɗaga hannu. Kallo ne aikina. Na san takun kowa a gidanmu tun daga zaure, na san tukunyar da ta fara tsagewa kafin ta fara yoyo. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke zaune tare, Mujiya take kirana, wai ranar rabon ido na yi sammako, ranar rabon baki kuma na makara.

A gidan akwai 'yar wan mahaifina, wadda nake kira Yaya. Daga wani ƙauye kusa da Dogon Dawa ta dawo wurinmu, bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu sun kashe mahaifinta a gona. Mahaifiyarta da ƙannenta suka koma wurin dangin uwa suna rakuɓe, ita kuma Babanmu ya ɗauko ta ya ƙarasa mata karatun kiwon lafiya. Yaya tana da fara'a da baki, ta iya gaisuwa, ta iya sa tsoho dariya. Tun da ta zo sai na ga kamar an janye tabarmar da nake kai. Ita ke yi wa Kaka tausar gwiwa, ita ake ajiye wa ƙanzon tuwo, in baƙi sun zo ita ake kira ta gaishe su, ni kuma a ce in kawo ruwa. Na san marainiya ce, na san tana firgita cikin barci in ta ji ƙarar babur, amma sanin bai hana ƙyashi cin raina ba. Da aka kira ta aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna, ɓangaren ba da magani, gidan ya cika da guɗa. Ni na yi mata murna da baki, na shiga ɗaki na zauna.

Ana cikin wannan shirin ƙanin mahaifinmu da ke Kanada, Baba Ƙarami, ya aiko abokinsa da tsaraba. Yaya ta samu waya da jakar hannu. Ni na samu safa da biro. A ƙasan jakar akwai wata 'yar leda mai ƙyalli cike da alawa mai danƙo, kala-kala. Baba Ƙarami ya turo saƙon murya cewa ta Kaka ce, ta riƙa shan rabi saboda ciwon gwiwa da rashin barci, a kanti ya saya, gwamnatin can ta amince da ita, kada a ba yara. Bai faɗi abin da ke ciki ba, ina jin nauyin mahaifiyarsa ya ji. Kaka ta kai ledar kusa da ido, ta ga hoton koren ganye mai yatsu, ta kwashe da dariya ta ce ashe Turawa ma sun gano rama, mu muna kwaɗa ta da ƙuli su suna alawa da ita. Umma ta duba ta ce wallahi rama ce. Matan maƙwabta ma aka nuna musu, kowa ta ce rama. Daga ranar sunanta ya zama alawar rama.

Kaka ba ta da haƙoran taunar abu mai danƙo, kuma an hana ta zaƙi. Sai ta miƙa wa Yaya ledar gaba ɗaya, ta ce ita ce ba ta barci, ta sha ta huta kafin ta fara aiki. Na miƙa hannu na ce a ɗanɗana mini ɗaya. Kaka ta buge hannun ta ce ban ji an ce ban da yara ba, Mujiya me za ta yi da barci, ai ta masu zuwa aiki ce. Aka yi dariya, har da Yaya.

Da yamma ina shara na ɗauki ledar a kan katifar Yaya na duba sosai. Ni ce mai tsinkar rama a gidanmu duk damina, hannuna ya san ƙaiƙayinta. Yatsun ganyen rama a haɗe suke daga tsakiya, kamar tafin hannu. Na jikin ledar kuwa kowane yatsa a ware yake har gindi, siriri, gefensa kamar haƙoran zarto. Na taɓa ganin wannan ganyen. A makaranta an taɓa kawo mana masu wayar da kai kan shaye-shaye, suka ɗaga hotonsa suka ce wiwi ke nan, suka ce yana daɗewa a jiki, gwajin fitsari yana nuna shi ko mutum ya kwana biyu bai sha ba. Na mayar da ledar daidai yadda na same ta, na ci gaba da shara.

Na ga komai bayan haka. Na ga Yaya ta fara barci har rana ta fito, Kaka tana sa wa Baba Ƙarami albarka. Na ga idonta yana yin ja, na ga tana cinye ɗumamen mutum biyu, na ga ranar da ta zauna tana yi wa akuya dariya har da hawaye, Umma tana cewa daɗin aiki ne. Kullum sai in ce wa kaina ai ban tabbata ba, ai Baba Ƙarami ya fi ni sani, ai an ce gwamnati ta yarda. Amma can ƙasan raina akwai wani abu da ke jin daɗin cewa na san abin da 'yar gaban goshin ba ta sani ba, duk da karatunta.

Ana gobe za ta tafi, ina riƙe mata madubi Umma na yi mata kitso, Yaya ta ce an gaya musu za a fara da gwajin lafiya, jini da fitsari, saboda masu taɓa magani ba a ɗaukar mai shaye-shaye. Ta faɗa tana dariya, ta ce ita ko goro ba ta ci. Wallahi na buɗe baki. Daidai nan Kaka ta nuna ni da sandarta ta ce in buɗe idon nan nawa in koya, ga yadda 'ya'ya suke, ba a zauna ana zare ido kamar an aiko mutum leƙen asiri ba. Na rufe bakina. Washegari Yaya ta bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Kaduna, na ɗaukar mata jakar har tasha.

Ba ta yi mako ba ta dawo. Gwajin ya nuna wiwi a jikinta, aka ba wata gurbin. Ta rantse, ta yi kuka, ta ce a sake, aka sake ya fito haka. Kafin ta iso labari ya riga ta, domin wanda ya yi mata hanyar aikin ɗan unguwarmu ne. A bakin famfo na ji mata suna cewa dama 'yan gefen daji sai a hankali, wa ya san abin da ta koyo a can. Babanmu ya daina amsa gaisuwarta. Mahaifiyarta, wadda ta riga ta gaya wa ƙannen cewa Yaya za ta kama musu ɗaki a Kaduna, ta zo ta zauna a tsakar gidanmu. Abin da na zata zai yi mini daɗi sai ya koma mini ɗaci. Da na ga Yaya ta ɗauko alawar za ta sha don ta samu barci, sai na riƙe hannunta, na tsinko ganyen rama a bayan ɗaki na ɗora kusa da hoton, a gaban kowa, na ce na jikin ledar nan ba rama ba ce, wiwi ne.

Aka kira Baba Ƙarami. Ya yi ta salati, ya ce shi bai ɗauke ta komai ba, a can kanti guda ake buɗewa don ita, mai shekaru ya shiga ya saya. Babanmu ya ce masa can ne can, nan kuwa abokin da ya ɗauko ta ma Allah ne ya rufa masa asiri a filin jirgi. Babanmu da Yaya suka ɗauki ledar zuwa asibitin Kaduna don a yi bayani. Ma'aikaciyar da ta saurare su ta tausaya, amma ta ce gwaji ba ya tambayar inda aka sayo abu ko niyyar wanda ya sha, kuma ko a ƙasashen da ake sayarwa a fili akwai wuraren aikin da ba sa ɗaukar wanda aka samu da shi. Ta shawarce su da su ƙona ledar kafin ta jawo musu wata fitinar.

Sunan Yaya ya wanku a gida, a gari kuwa rabi da rabi. Kowa yana yaba idona, Kaka har ta ce Mujiya ta yi rana. Yaya ce kaɗai ba ta yaba ba. Muna wanke-wanke ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, yaushe na gane ganyen. Na ce tun ranar da aka kawo. Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya, sannan ta ce da na faɗa mata a kunne ai ba wanda zai ji. Ba ta gaya wa kowa ba har yau, kuma wannan rufin asirin ya fi mini duka ciwo. Yanzu tana tsaron wani ƙaramin kantin magani a bakin kasuwa, ƙannenta suna ƙauye.

Na koyi cewa ƙyashi ba sai ya sa ka ɗaga hannu ba, ya ishe shi ya rufe maka baki a lokacin da ya kamata ka buɗe. Ina kira ga masu 'yan uwa a waje: duk abin ci ko na sha da aka aiko, a tambayi abin da ke ciki da sunansa, domin halaccinsa a kantin can ba ya biyo shi cikin jaka. Masu aikowa kuma su daina jin nauyin faɗa. Ga 'yan mata irina masu gani su yi shiru, in kin ga abin da zai cuci 'yar uwarki ki faɗa, ko kina jin haushinta. Har yanzu ni ke tsinkar rama a gidanmu, kuma Yaya ba ta ƙara cin kwaɗonta ba.